Sha-kauci a gidajen Abuja: Yadda ake haɗa masa ruwan sukari, da abin da ke mayar da ruwan guba

Daga watan Disamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe a Babban Birnin Tarayya kuma hazo ya lulluɓe Dutsen Aso, duk gidan da ke da ɗan fure a tsakar gida ko bishiyar zogale a bayan katanga yakan sami wani ɗan baƙo da sassafe. Tsuntsu ne ƙarami, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba in aka cire jela, bakinsa siriri ne mai lanƙwasa, gashinsa kuma yana ƙyalli kamar an goge ƙarfe idan rana ta haska shi. Ba ya jimawa a wuri ɗaya. Yakan dira a kan fure, ya zura baki, ya yi ɗan kuka mai kaifi, ya wuce.

Mutane da dama da suka saba ganin hotunan bidiyo a Facebook da TikTok, inda Amurkawa ke rataye jajayen kwalabe cike da ruwan sukari domin wasu ƙananan tsuntsaye masu tsayawa cak a iska, sukan ɗauka irinsu ne suke gani a Gwarinpa ko Kubwa. Ba su ba ne. Wancan tsuntsun, wanda masu magana da Faransanci ke kira kolibiri, babu shi a dazukan Afirka ko kaɗan. Danginsa sun haura nau'i 350, kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Alaska a can arewa har zuwa ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Ƙaraminsu yana ƙasar Kuba, nauyinsa kusan giram 2, shi ne tsuntsu mafi ƙanƙanta a duniya. Wani nau'in kuma, mai jan maƙogwaro, yakan ƙetare Tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800, ba tare da ya sauka ba.

Wanda ke zuwa gidajen Abuja shi ne wanda Hausawa suka raɗa wa suna sha-kauci. Danginsa, da masana ke kira Nectariniidae, sun kai nau'i 140 da ɗoriya, a warwatse daga Afirka zuwa kudancin Asiya har arewacin Ostareliya. Babu dangantaka ta kusa tsakaninsa da kolibiri. Abinci iri ɗaya ne ya sa suka yi kama: duk tsuntsun da zai rayu da ruwan zaƙin fure yana buƙatar dogon baki, da dogon harshe mai kama da bututu, da jiki marar nauyi. Babban bambancin da ido zai iya gani shi ne kolibiri yana shan ruwan fure yana shawagi a wuri guda, fikafikansa na kaɗawa sau 50 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa sha-kauci ya fi son ya sami inda zai dafe tukuna. Yana iya tsayawa a iska, amma na ɗan lokaci ne. Wanda kuma ya rantse cewa ya ga kolibiri da almuru yana shawagi a kan furen gidansa a Abuja, galibi wani babban malam-buɗe-littafin dare ne ya gani, mai dogon hanci, wanda tashinsa ke ruɗar ido.

Nau'o'in da aka fi cin karo da su a lambunan birnin ba su da wuyar ganewa in namiji ne. Akwai mai koren kai da shunayyan ƙirji da rawayan ciki, wanda shi ne ya fi sabawa da gidajen mutane. Akwai wani da ya ɗan fi shi girma, baƙi-baƙi, mai jan ƙirji kamar an ɗiga masa jini. Akwai wanda daga nesa baƙi ne wuluk, sai rana ta doke shi a ga launin jan ƙarfe. Da rani kuma akan ga wani ɗan mitsitsi mai gajeren baki da dogayen gashin jela biyu, kore a sama, rawaya a ƙasa, wanda ke saukowa yankin domin hayayyafa, ya koma arewa idan damina ta kankama. Matan dukkansu ba su da ado: toka-toka ne ko ruwan ƙasa, har masu nazarin tsuntsaye ma sukan sha wahala kafin su bambance su.

Sunan da Bahaushe ya ba shi ba a banza ba ne, kuma duk wanda ya lura da abin da ke faruwa a kan reshen ɗorawa ko kaɗanya zai yarda cewa wanda ya raɗa sunan ya zauna ya yi kallo. Kauci, wannan tsiron da ke fitowa a jikin wata bishiya yana tsotson ruwanta, furensa siriri ne kamar ashana, kuma ba ya buɗewa da kansa yadda sauran furanni ke yi. Idan ya nuna, kansa yakan sauya launi. Sha-kauci ne ke zuwa ya matse kan furen da baki, ya zura bakin a tsagar da ta bayyana, nan take furen ya tsage ya watsa masa gari a goshi. Da wannan garin yake tashi zuwa fure na gaba, a can barbara ta auku. Bayan 'ya'yan sun nuna, wani ɗan tsuntsu dabam mai rawayan goshi, wanda kukansa ke kama da bugun maƙera daga nesa, shi ke haɗiye su, ya bar ƙwayar mai danƙo a manne a wani reshe. Mai gonar lemu ko mai kaɗanya ba zai gode wa tsuntsayen nan biyu ba, domin kauci yana raunana bishiya, wani lokaci ya kashe reshe. Mai maganin gargajiya da ke neman kaucin ɗorawa kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, sha-kauci ne ke yi masa noma. Kuma aikinsa bai tsaya ga kauci ba: minjirya da kabar giwa da wasu itatuwa masu jajayen furanni suna dogara da shi wajen ɗaukar gari daga fure zuwa fure.

Abin da ake zubawa a kwalba

Ruwan da furannin da tsuntsaye ke ziyarta suke fitarwa ba shi da kauri kamar zuma. Sukarin da ke cikinsa yakan kasance tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100, saura ruwa ne. Daga nan aka samo ma'aunin da masu kula da kolibiri a Amurka suka daɗe suna bi, wanda kuma ya dace da sha-kauci: awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa. Ko da kofin shayi aka auna, ko da gwangwanin madara, lissafin ɗaya ne, kuma yana ba da abin da ya kusanci kashi 20 cikin 100. Ana tafasa ruwan, musamman in na rijiyar burtsatse ne da ya kwana a tanki ko na 'yan garuwa, a zuba sukari a motsa har ya narke, a bar shi ya huce sarai kafin a zuba a mazubi. Shi ke nan. Babu abu na uku.

A nan ne kyakkyawar niyya ke yin ɓarna, domin mai son tsuntsu yakan ga kamar farin sukari ya yi arha da yawa ga baƙonsa, sai ya nemi ya kyautata. Na farko da yake tunawa zuma ce. Zuma da aka tsinka da ruwa tana saurin tsami, kuma tana raya fumfunar da ke kama harshe da maƙogwaron tsuntsu. Harshen ya kumbura, ya kasa sha, ya mutu da yunwa a gaban abinci. Na biyu mazarƙwaila ce ko jan sukari, waɗanda mutane ke ganin sun fi lafiya. Ga ɗan Adam wataƙila haka ne. Amma suna ɗauke da sinadarin ƙarfe fiye da farin sukari, su kuwa tsuntsaye masu shan ruwan fure jikinsu bai iya fitar da rarar ƙarfe ba, sai ya taru a hanta. An taɓa asarar kolibiri da dama a wani gidan adana namun daji da ke jihar Arizona ta Amurka, bincike ya nuna yawan ƙarfe a abincin da ake haɗa musu ne sanadi.

Mafi muni shi ne zaƙin roba, irin wanda masu ciwon sukari ke amfani da shi ko wanda masu sayar da kayan sha ke ƙarawa don rage tsada. Mafi sauƙin illarsa ita ce tsuntsu ya cika ciki da abin da ba shi da ƙarfi ko kaɗan, alhali halitta ce da ke ƙone abin da ta sha cikin ƙanƙanin lokaci. Wani nau'insa kuma, mai suna zailitol, kisa yake yi kai-tsaye. Wani rahoton likitocin dabbobi da aka buga a shekarar 2017 ya bayyana yadda wasu tsuntsaye masu shan ruwan fure a yankin Kef na Afirka ta Kudu suka faɗi suka mutu jim kaɗan bayan sun sha daga mazubin wani gida da aka haɗa ruwansa da wannan sinadari. Mai gidan ba mugunta ya nufa ba.

Haka nan babu buƙatar kala. Gaskiya ne jan launi yana jan hankalin tsuntsayen, amma ya isa a ce bakin mazubin ne ja, ko a ɗaura masa jan ƙyalle ko jar roba. Zoɓo da lemon kwalba da garin lemon da ake kaɗawa duk ba su da gurbi a nan.

Zafi, zuma da sauro

Shawarwarin da ake karantawa a intanet an rubuta yawancinsu ne domin ƙasashe masu sanyi, inda ruwan sukari zai iya kwana uku ko huɗu a waje bai lalace ba. Abuja ba haka take ba. A watannin Fabrairu da Maris da farkon Afrilu, zafin rana yakan haura digiri 35, kuma a irin wannan yanayi ruwan da aka zuba da safe yakan fara juyawa kafin wata safiyar. Alamarsa ita ce ya yi gurɓi-gurɓi, ko ya riƙa warin tsami, ko a ga baƙaƙen ɗigo a jikin kwalbar. Kafin ido ya ga waɗannan, ɓarnar ta riga ta fara. Saboda haka ƙa'idar da ta dace da wannan gari ita ce a zubar da ragowar kowace rana a lokacin bazara, a sauran watanni kuma kada ya wuce kwana biyu. Ba a ƙara sabo a kan tsoho. Duk sauyi sai an wanke mazubin da ruwan zafi da ɗan buroshi, har cikin bututun. In fumfuna ta kama, a jiƙa shi a ruwan khal da aka tsinka, a ɗauraye sosai. Abin da aka haɗa ya rage yana iya yin mako guda a firji, amma wannan lissafin gidan da wuta ba ta yankewa ne. Inda firjin ke yini a kashe, gara a haɗa kaɗan: cokali ɗaya na sukari da cokali huɗu na ruwa, a ninka gwargwadon abin da tsuntsayen ke shanyewa a yini. Da tsadar sukari a yau, wannan ma ya fi wa aljihu.

Siffar mazubin tana da nata muhimmanci. Waɗanda ake shigowa da su daga waje an ƙera da yawansu ne domin kolibiri, ba su da wurin dafewa, sha-kauci kuwa yana buƙatarsa. Ɗan siririn kara ko waya da aka ɗaura a ƙasan bakin ya wadatar. Ana iya yin mazubi a gida da ƙaramar kwalba da aka kifa a kan rufaffen murfi mai 'yan ƙananan huji. Abin kiyayewa shi ne hujin ya zama ƙanƙane, kamar milimita 3, ruwan kuma ya tsaya ƙasa da bakin hujin, inda dogon harshen tsuntsu zai kai amma na ƙudan zuma ba zai kai ba. Buɗaɗɗen faranti ko mashayar 'yan tsaki ba su dace ba. Ƙudan zumar Afirka ba ta da haƙurin ta Turai, kuma da rani, lokacin da fure da ruwa suka yi ƙaranci, faranti guda na ruwan sukari yana iya tara ɗaruruwansu a tsakar gidan da yara ke wasa. In hakan ta faru, a sauke mazubin na 'yan kwanaki, sannan a sauya masa wuri.

Kiyashi da tururuwa sukan biyo igiyar da aka rataye shi. Maganinsu ɗan ƙoƙon ruwa ne da ake sakawa a tsakiyar igiyar, wanda ba za su iya ƙetarewa ba. Sai dai a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara kowace shekara, duk wani ruwa da ke zaune abin tuhuma ne, domin sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10. A zubar da ruwan ƙoƙon duk lokacin da ake sauya na kwalbar. Kada a shafa wa igiya ko mazubi baƙin mai, ko man shafawa, balle fiya-fiya: mai yana ɓata gashin tsuntsu, maganin ƙwari kuma ba ya tambayar wanda ya taɓa shi.

Wurin ratayewa ya kasance a inuwa, sama da inda kyanwa za ta iya kai tsalle, nesa da gilashin taga wanda tsuntsu kan ɗauka sarari ne ya doka kansa. Masu kiwon kaji a bayan gida su nisanta shi daga akurki, su kuma wanke hannu bayan sun taɓa shi. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1, a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, kuma cutar ta sha dawowa tun daga lokacin. Babu hikima a ƙirƙiro wurin da tsuntsayen daji da na gida za su riƙa cuɗanya. In an ga namiji guda ya mamaye mazubi yana korar kowa, halinsu ne. A rataye na biyu a inda ba zai hango shi daga na farko ba.

Shin ma ya kamata a yi?

Ruwan sukari makamashi ne kawai. Babu abin gina jiki a cikinsa. Sha-kauci yana cin ƙananan ƙwari da gizo-gizo, kuma da su yake ciyar da 'ya'yansa. Sheƙarsa ma, wadda ke reto a ƙarshen reshe kamar ƙaramar jaka mai ƙofa a gefe, da yanar gizo-gizo ake ɗaure ta, a shimfiɗe cikinta da audugar tsirrai irin ta tumfafiya. Gidan da ke fesa maganin ƙwari a kan kowane ganye duk mako, sannan ya rataye kwalbar sukari, ya ciyar da uwa ne ya hana 'ya'ya.

Akwai kuma tambayar da masana suka fara yi: idan tsuntsu ya sami abinci a kwalba, wa zai yi wa fure aiki? A birnin Kef Tawun, inda al'adar rataye mazubi ta yaɗu, wani bincike da aka buga a 2021 ya gano cewa mazuban da aka sa a gidajen da ke bakin daji sun janye tsuntsayen, ziyarar da suke kai wa wasu furannin daji na kusa ta ragu. A Amurka abin ya wuce haka. Wani nau'in kolibiri da ake kira na Anna, wanda a farkon ƙarni na 20 ba ya hayayyafa sai a kudancin Kalifoniya da arewacin Baja ta Meziko, yanzu yana zaune har kudu maso yammacin Kanada, kuma mazubai da furannin lambu na cikin dalilan. Wato kwalbar da ake ɗauka abin wasa ce tana iya sauya inda tsuntsu ke zama da abin da yake yi.

Ga Abuja, matsalar da ta fi girma ba ƙarancin kwalabe ba ce. An zana birnin a tsarin 1979 da faffadan filayen shaƙatawa da korayen kwaruruka a tsakanin unguwanni, kuma tun bayan da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, ake ta kokawa kan yadda gine-gine ke cinye waɗannan wurare. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, da bakin Tafkin Jabi da gefen madatsar Usuma suna nan, amma tsuntsu mai nauyin giram 10 ba ya rayuwa da manyan lambuna kaɗai. Yana buƙatar wurin yada zango a tsakaninsu. Sabon salon gini kuwa shi ne a sare duk abin da ke fili, a malale tsakar gida da siminti ko intalok daga ƙofa har katanga. A Kef Tawun, wata ƙungiya mai suna Ingcungcu ta fuskanci irin wannan giɓin ne ta hanyar dasa furannin gida a makarantun unguwannin talakawa, domin tsuntsayen su sami hanyar bi daga wani dutse zuwa wani. Babu abin da zai hana makarantun Nyanya ko Lugbe yin haka.

Kuma itatuwan da ake buƙata ba baƙi ba ne. Minjirya, wadda ake kafa reshenta a matsayin shinge ya kama, tana fitar da jajayen furanni da rani, daidai lokacin da abinci ya yi wuya. Gurjiya ma haka, ga mai fili. Kabar giwa tana rayuwa a tukunya ba tare da yawan ban-ruwa ba. Zogale yana fure kusan duk shekara, ga ganyen miya a kai. Ayaba da gwanda da jajayen furannin shinge da masu sayar da tsirrai ke jerawa a bakin titunan birnin duk suna jan sha-kauci. Fure ba ya tsami, ba ya buƙatar wanki, kuma yana zuwa da ƙwarin da tsuntsun ke nema. Wanda ke da ɗan taƙi na ƙasa, wannan ya fi masa kwalba nesa ba kusa ba, kuma farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, shi ne lokacin dashe. Kwalba ta fi dacewa da mazaunin bene wanda ba shi da komai sai baranda, ko a matsayin ƙari a tsakiyar rani.

Mai son ya san abin da yake gani yana da inda zai dosa. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar wani shirin zana taswirar tsuntsayen ƙasar tun 2015, wanda ya dogara da 'yan sa-kai masu rubuta abin da suka gani a unguwanninsu ta wayar hannu. Jerin tsuntsayen da ke zuwa baranda ɗaya a Wuse, in an riƙa rubuta shi da kwanan wata, bayani ne da masu binciken ke amfani da shi.

Saura batun tafiya. Abuja gari ne da ke wofinta lokacin Sallah da Kirsimeti, kuma mai mazubi yakan ji tausayin barin tsuntsayensa haka nan, sai ya cika kwalbar maƙil kafin ya kama hanyar Kano ko Sakkwato. Wannan ne mafi hatsarin abin da zai yi. Tsuntsayen ba za su mutu da yunwa don an ɗauke kwalba ba. Suna da wuraren kiwo da yawa da suke zagayawa a yini, za su koma can. Ruwan da ya yi mako a rana ne zai cutar da su. In babu wanda za a bar wa amanar sauyawa da wankewa kullum, a sauke mazubin, a wanke shi, a kife shi ya bushe har a dawo.